Tambayoyinku: tsofaffin motocin Amurka, ta wane zamani ya kamata mai tarawa ya saya?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka taru a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke, tsofaffin motocin Amurka irin waɗanda ake saya a killace a gareji ana lallaɓawa. Na tsinto waɗanda amsarsu za ta amfani kowa, sauran kuma ku yi haƙuri sai wani fitowar.

Tambaya: Salam malam, ni a jihar Ohayo nake zaune nan Amurka, na daɗe ina tara ɗan kuɗi inaso in sayi tsohuwar mota guda ɗaya tak wadda zan riƙa fita da ita ranar hutu ni da iyali. Toh zuciyata ta rabu biyu tsakanin Chevrolet Bel Air ta 1957 da Chevelle SS ta 1970, abokina yace wai Bel Air motar tsofaffi ce in sayi mai ƙarfi. Dan Allah wacce ta fi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Shekara 13 ne kacal tsakanin motocin nan biyu, kamfani ɗaya ne ya ƙera su, amma kaman daga duniya biyu suka fito, shiyasa kafin a ce wacce ta fi sai an fara duba me aka yi kowacce dominsa.

Bel Air ƴar zamanin kwalliya ce. Tun Fabrairun 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanonin Ditroyit, cibiyar ƙera motoci ta Amurka, suka dakatar da ƙera motocin jama'a suka koma yin tankokin yaƙi da jirage, sai 1945 aka dawo, mutane ga kuɗi a hannu ga yunwar sabuwar mota, toh sai gasar ta koma ta wa ya fi iya ado. Cadillac ce ta fara fito da ƴar jelar nan mai tsini a bayan mota a 1948, ƙarƙashin Harley Earl shugaban masu zane na General Motors, daga jirgin yaƙi P-38 suka ɗauko fasalin, abu ya yi ta girma har ya kai ƙarshe a Cadillac ta 1959 da jelarta ta kusa kai ƙirjin mutum. Bel Air ta 1957 a tsakiyar wannan yayin take, jela daidai misali, ƙarfe mai ƙyalli gaba da baya, fenti sau da yawa kala biyu, kujera doguwa gaba da baya ta ɗauki mutum shida. Injinta V8 ne, wato mai silinda takwas, ɗan madaidaici da Chevrolet ta fara a 1955, a 1957 ya kai inci 283 wato wajen lita 4.6, kuma inji ne mai haƙuri wanda kusan duk makaniken tsofaffin motoci a Amurka ya san cikinsa kaman yunwar cikinsa.

Chevelle SS kuwa ƴar zamanin ƙwanji ce. Wannan yayin Pontiac GTO ce ta buɗe shi a 1964, lokacin da John DeLorean da mutanensa suka ɗauki babban inji mai inci 389 suka cusa a matsakaiciyar mota, matasa suka yi caa a kai, daga nan kowane kamfani ya bi sahu. A 1970 abin ya kai maƙura, Chevelle mai injin 454 samfurin LS6 an rubuta mata ƙarfin doki 450. In ka taka totur wlh sai ka ji bayanka ya manne da kujera, amma fa ka sani a miƙaƙƙen titi take da baki, in aka zo kwana ko tsayawar gaggawa nauyin injin nan da ke gaba yana nuna kansa, ga shan mai ba kama hannun yaro, kuma injin an yi shi ne dan fetur mai darma mai ƙarfi wanda yanzu babu shi a gidajen mai.

Tunda ka ce da iyali za ka riƙa fita, ni Bel Air zan ce maka, amma da sharaɗi. Birkinta na ganga ne duka tayoyi huɗu kuma layin man birki ɗaya ne, in ya fashe a wuri ɗaya shikenan birki ya tafi gaba ɗaya, sannan yawancinsu ba su zo da bel ɗin kujera ba dan sai 1968 dokar tarayya ta tilasta shi. Kar ka sa yara a ciki sai an sa bel, an canza tukunyar man birki zuwa mai layi biyu, in da hali a sa birkin faifai a gaba. Kayan nan duk ana sayar da su sabbi, kuma ka adana tsofaffin da aka cire a kwali, ranar da za ka sayar mai saye zai tambaye su.

Wani abu da abokin naka bai faɗa maka ba shi ne a irin motocin nan siffar bodi tana raba farashi fiye da shekara. Bel Air mai buɗaɗɗen sama ita ce sarauniya, sai mai ƙofa biyu, mai ƙofa huɗu ita ce ta ƙasa a kuɗi nesa ba kusa ba, alhali inji ɗaya gaba ɗaya jela ɗaya, kuma mai iyali ita ta fi masa ma. Sai maganar tsatsa, kai da kake Ohayo ka fi ni sanin gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, shi ke cinye ƙasan mota. Ka nemi wadda ta yi rayuwarta a Arizona ko kudancin Kalifoniya ko da za ka biya kuɗin ɗauko ta a tirela, gyaran inji kuɗinsa sananne ne amma aikin walda da fanel bita ba a sanin ƙarshensa sai an kankare fenti.

Tambaya: Malam wani abu na ɗaure min kai. Na ga Ford Model T wadda ta shekara ɗari ana sayar da ita ƙasa da kuɗin Mustang ta 1967, ba tsufa ne ke sa tsada ba?

Amsa: A'a Alhaji, tsufa kaɗai ba ya sa tsada, abu biyu ne ke sawa, ƙarancin abu da kuma yawan masu sonsa. Model T daga 1908 zuwa 1927 an ƙera sama da miliyan 15, ta fara a dala 850 ta sauko har dala 260 a 1925, motar talaka ce tun asali kuma har yau akwai su da yawa. Sannan mutum yakan nemi motar da ya yi mafarkinta yana saurayi ne in ya yi kuɗi, waɗanda suka taso da Model T duk sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka taso da Mustang kuwa su ne ke ɗaga hannu a wajen gwanjo shekaru da dama yanzu.

Ga kuma tuƙinta, sai an koya daga farko. Feda uku gare ta amma ba irin wanda ka sani ba, ta hagu giya ce, ta tsakiya ribas, ta dama birki, totur kuma ɗan hannu ne a jikin sitiyari, na farko-farkon ma da handul ake murza su su tashi. Ƙarfin doki 20, gudunta bai wuce mil 40 zuwa 45 ba, ba za ka hau babban titi da ita ba. In kana son ta kafin yaƙi wadda za ka iya morewa ka duba Model A da ta gaje ta daga ƙarshen 1927 zuwa 1931, doki 40, kuloci da birki da totur a inda ka saba, birki a tayoyi huɗu, kayan gyaranta kuma har gobe ana ƙerawa. Ni a ganina babu motar da ta kai ta daɗin koyon makanikanci, komai nata a fili yake kana gani da idonka.

Amma kar ka ɗauka duk na wancan zamanin araha ne. Duesenberg Model J da aka fito da ita a 1928 tana da doki 265 lokacin da Ford ke da 40, ba a ƙera 500 ba duka-duka, kuma wata ƴar gidansu samfurin SSJ ta 1935 wadda ɗan fim Gary Cooper ya taɓa mallaka an sayar da ita dala miliyan 22 a gwanjon Pebble Beach a 2018.

Tambaya: Barka da aiki. Mijina ya rasu ya bar mana Cadillac Eldorado ta 1976 mai buɗaɗɗen sama, yakan ce ita ce ta ƙarshe irinta kuma wata rana za ta yi tsada sosai. Yanzu da muka tambaya kuɗin da ake faɗa bai kai yadda muke zato ba, ko cutarmu ake so a yi?

Amsa: Allah ya jiƙansa ya gafarta masa Hajiya, ya ba ku haƙuri. Maigidan bai yi ƙarya ba, haka aka tallata ta a 1976, cewa ita ce motar Amurka ta ƙarshe mai buɗaɗɗen sama saboda ana ganin dokokin kariya za su hana irinsu. Matsalar ita ce mutane da yawa sun yi tunani irin nasa a lokaci ɗaya, an ƙera 14,000 a shekarar, da yawa aka saya aka kulle a gareji ba a hawa, sai ga shi a 1982 Chrysler ta dawo da mai buɗaɗɗen sama, Cadillac da kanta ta dawo da ita a 1984. Abin da kowa ya ɓoye ba ya ƙaranci. Haka ta faru da Corvette ta 1978 mai fentin motar jagoran tseren Indianapolis, an yi sama da 6,000 aka yi ta ɓoyewa da ledar kujerunsu.

Sannan ta faɗo a zamanin da masu tarawa suka daɗe suna yi wa kallon baya. Dokar tsaftar iska ta 1970 ta sa aka rage matsin injuna, kamfanonin inshora suka tsawwala wa matasa masu manyan injuna, a 1972 aka canza yadda ake auna ƙarfin doki zuwa yadda injin yake a cikin mota da salansa da komai sai lambobin suka zube, a 1973 ga takunkumin man fetur na ƙasashen Larabawa da dogayen layuka a gidajen mai, a 1974 aka ƙayyade gudu a mil 55, aka kuma ɗora wa motoci manyan bamba masu nauyi, a 1975 aka sa tukunyar tace hayaƙi a salansa. Injin da ke cikin motarku inci 500 ne wato lita 8.2, a 1970 doki 400 aka rubuta masa, a 1976 ya dawo 190. Ko Corvette ta 1975 doki 165 ta zo da shi.

Duk da haka Hajiya mota ce mai daraja kuma masu sonta suna nan, ba a ƙara yin irin wannan girman da laushin tafiyar ba. Kar ki sayar wa mutumin farko da ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ki biya mai ƙiyasta farashin tsofaffin motoci wanda ba shi da niyyar saye ya duba ta ya rubuta miki, ki tattara duk takardun da marigayi ya bari har rasit ɗin canjin baƙin mai, kuma in ta daɗe a tsaye kar a yi mata ki haka kawai, a fara zubar da tsohon fetur a duba birki da robobi tukuna. In an kai ta gwanjo ki tambayi la'adarsu tun kafin ki sa hannu.

Tambaya: Yallaɓai na ga wata Chevelle SS 1970 a intanet ja mai baƙin layi, hotunan sun yi kyau ba kaɗan ba kuma kuɗin da sauƙi, mai ita yace orijina ce amma takardun kamfani sun ɓata. In tura kafin alƙalami?

Amsa: Kar ka tura ko sisi ɗan'uwa, wannan cinikin biri a sama ne. A duk zamunnan da muke magana babu inda jabu ya yi yawa kaman motocin ƙwanji na 1964 zuwa 1971, dalili kuwa mai tsadar da mai arahar bodinsu ɗaya ne. Chevelle SS da Malibu ta gama-gari ƙarfe ɗaya ne, bambancin inji ne da giya da bonet da tambari da ƴan kayan ƙasa, kuma duk ana sayar da su sabbi a kasuwa, mutum zai sayi Malibu ya yi mata fenti ya manna SS ya ninka kuɗi. Abin takaicin ma a Chevelle ta 1970 lambar shasi ba ta nuna SS ce ko ba ita ba, iyakarta ta gaya maka V8 ce ko mai silinda shida. Abin da ke raba gardama shi ne takardar haɗi da ma'aikatan kamfani kan cusa a ƙarƙashin kujera ko kafet ko saman tankin mai, da lambar da aka buga a jikin injin wadda ya kamata ta yi daidai da ƙarshen lambar shasi. Ita ma wannan akwai masu gogewa su sake bugawa, shiyasa sai wanda ya ƙware a wannan samfurin ya je ya gani da idonsa.

Wasu kamfanonin sun fi sauƙin tantancewa. GTO daga 1966 lambarta da 242 take farawa, kuma akwai PHS masu riƙe da kwafin takardun Pontiac, ka tura musu lamba su gaya maka yadda motar ta fito. Ford daga 1967 akwai rahoton Marti, wanda shi ma yake nuna yadda motar ta fito daga kamfani. Mustang ta 1965 da 1966 harafi na biyar a lambar shasi shi ne injin, in ka ga K toh mai doki 271 ce. Dodge da Plymouth suna da ɗan faranti a cikin gidan inji mai ɗauke da lambobin komai, kuma a 1970 da 1971 harafin R a wuri na biyar na lambar shasi shi ne injin 426 Hemi.

Ka ga irin kuɗin da harafi ɗaya ke jawowa, Plymouth Hemi Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen sama ba su wuce goma sha biyu aka ƙera ba, ɗaya ta tashi dala miliyan 3.5 a gwanjon Mecum a Siyatil a 2014, alhali Barracuda mai ƙaramin inji da bodi iri ɗaya ko kusa da inuwar wannan kuɗin ba ta kai. Ni ba na ƙin motar da aka mayar SS, in mai ita ya faɗi gaskiya aka saya a kuɗin kwaikwayo mota ce mai daɗi kuma za ka tuƙa ta hankali kwance. Wadda babu takarda a kuɗin kwaikwayo ake sayenta ko da mai ita ya rantse. In za ka je dubawa ka tafi da ɗan maganaɗisu da tocila, inda maganaɗisun ya ƙi kamawa a ƙasan ƙofa ko bayan taya toh an cike ramin tsatsa ne aka shafe da fenti.

Tambaya: Shin laifi ne in sa sabon inji da AC a tsohuwar Mustang?

Amsa: Ya danganta da wacce. Mustang tun da aka nuna ta ranar 17 ga Afrilun 1964 a bajekolin duniya na Niyok a dala 2,368 ba ta cika shekara biyu ba aka sayar da miliyan ɗaya, a 1966 kaɗai an yi sama da 600,000. In taka mai silinda shida ce ko V8 ta gama-gari sa abinka ka more, yanzu ma waɗanda aka yi wa irin wannan aikin da kyau suna tashi da tsada a gwanjo. In kuwa samfurin musamman ce irin Shelby ko Boss ko mai harafin K ɗin nan kuma da injinta na asali, dan Allah kar ka taɓa, ka sayar wa mai son ta a haka ka sayi wata ka yanka.

Tambaya: Ni ɗalibi ne shekarata 24, ina son harkar nan sosai amma duk motocin da kuke ambata sun fi ƙarfina. Waɗanda aka yi a 1980 da wani abu ko 1990 da wani abu su ma ana lissafa su ko ɓata kuɗi ne?

Amsa: Ana lissafa su mana ƙanena, kuma na ji daɗin tambayarka fiye da sauran. Babbar ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta Amurka, AACA, duk motar da ta cika shekara 25 tana karɓarta, jihohi da yawa ma a nan suke fara ba da lambar tsohuwar mota duk da cewa lambar takan zo da iyaka a kan yawan hawa. Abin da na faɗa wa Alhaji a sama shi ke faruwa yanzu, yaran da suka manna hoton waɗannan motocin a bangon ɗakinsu sun girma sun fara samun kuɗi.

Wannan zamanin shi ne lokacin da ƙarfi ya dawo bayan faɗuwar da na ba Hajiya labari, amma ta hanyar kwamfuta da injekta maimakon girman inji. Buick Grand National baƙa ƙirin mai V6 da tabo ita ce misali, ta ƙarshenta GNX ta 1987 guda 547 kacal aka yi, wannan kam ta riga ta wuce aljihun ɗalibi, haka Dodge Viper ta 1992 mai silinda goma da doki 400 wadda ta zo ba gilashin ƙofa ba mariƙin buɗewa ta waje. Inda zan tura ka shi ne Mustang mai injin 5.0 ta tsakanin 1979 da 1993, ko Camaro da Firebird na 1982 zuwa 1992, ko Corvette ta 1984 zuwa 1996 wadda har yanzu tana cikin mafi arahar Corvette, bodinta ma ba ƙarfe ba ne amma ka leƙa ƙasa dan shasin yana tsatsa.

Ciwonsu daban ne da na iyayensu. Motar 1957 ƙarfe ce da waya ƴan kaɗan, abin da ya lalace a gyara ko a ƙera, ta 1988 kuwa roba ce ta cika ta, dashbod ya tsage da rana, allon lambobi mai wuta ya mutu, ƴan na'urorin inji su fara ƙarya, wasu kayan cikin kuma sai a jikin wata matacciyar motar za ka samu. Sannan yawancin Mustang 5.0 matasa ne suka yi ta tsere da su suna canje-canje, samun wadda ba a taɓa ba shi ne aikin, in ka samu mai fentinta na asali da kujerunta da littafin sabis ko da ta yi tafiya mai yawa ka fifita ta a kan mai sabon fenti da ba a san tarihinta ba. Abu ɗaya da ya sauƙaƙa maka, daga 1981 lambar shasi ta zama mai harafi 17 iri ɗaya ga kowa, kana iya bincika tarihin hatsari da yawan tafiyarta kafin ka motsa daga ɗakinka.

Kafin ka sayi komai ka nemi inda za ka ajiye ta a rufe, kamfanonin inshorar tsofaffin motoci galibi sai da gareji da wata motar hawan yau da kullum suke karɓa, wasu kuma suna da sharaɗin shekaru ga matasa, ka tambaya tun yanzu. In kana Amurka ka yi ƙoƙari ka je kasuwar Hershey a Fensilbaniya da ake ci duk watan Oktoba, ko taron titin Woodward kusa da Ditroyit a watan Agusta, za ka ga Model A da Bel Air da GTO da Mustang 5.0 a jere wuri ɗaya, masu su kuma in ka gaishe su da ladabi ka yi tambaya za su buɗe maka bonet su yi ta bayani har ka gaji.